Rabin Kiɗan Kawu

Sai da na kai shekara talatin na fara koyon kiɗa. Aikina gyaran fanka da firji ne, kuma a shago duk abin da hannuna ya taɓa sai na ƙwanƙwasa shi. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya shekara arba'in yana kiɗa. Shi ya ce in riƙa zuwa gidansa duk Asabar da hantsi.

A ɗakin baya muke zama, ganguna uku rataye a bango, ga wata kujera da aka tokare ƙafarta da bulo. Kiɗa ɗaya ya sa ni a gaba, wani mai nauyi da ya koya a wurin maigidansa, gaɓa shida gare shi. Wata huɗu muna abu ɗaya, ban wuce gaɓa ta uku ba.

"Sarkin gaggawa," haka yake ce min, "wa ya biyo ka? Bar gangar ta yi numfashi."

Wata rana aka kira ni gyara a wani zaure da 'yan kiɗa ke atisaye. Nan na ga ganguna biyar a jere, da farantan tagulla, da feda ta ƙafa. Shugabansu, wani mai jita da ake kira Dogo, ya ga na saki baki, ya miƙo min sanduna. Su ma Asabar da hantsi suke haɗuwa, sai na koma zuwa wurinsu.

A zauren nan kaina ya buɗe. Na koyi rege, inda ake barin bugun farko fayau sai a faɗo a na uku. Na koyi jaz, hannun dama yana tafiya kamar mai ɗingishi. Na koyi na rawa mai zafi, wanda ƙafa da hannu kowa harkar gabansa yake yi. Daɗi ya kwashe ni.

Kawu kuwa na ce masa aiki ya yi min yawa. A raina na gama yanke cewa in ya ji zai ce na watsar da na gida na kama shirme. Wata bakwai ko layinsu ba na bi.

Ina cikin kwance wata fanka Inna, matar Kawu, ta bugo waya. Kawu ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Da aka sallamo shi daga asibiti na je gidan. Inna ta tare ni a ƙofar kicin.

"Mai aiki da yawa, sannu," ta ce. "Sau uku kawunka yana zuwa zauren nan naku, ya tsaya jikin taga. In ya dawo ya ishe ni da ƙwanƙwasa tebur, wai akwai wani kiɗa da kuke tsallake bugun farko, yana so ka nuna masa."

"Inna, me ya hana shi shiga?"

"Na tambaye shi. Ya ce kai ka ce aiki kake yi, ba zai ƙaryata ka gaban abokanka ba."

Na rasa inda zan sa kaina.

Na sauko da ganga ɗaya, na zauna a bakin gadonsa na buga masa regen. Yatsun hagunsa suna bi a kan bargo. Da na gama ya motsa baki da ƙyar.

"Kana... sauri."

Muka yi dariya, tasa a karkace. Sai na ce, "Kawu, gaɓa ta huɗu fa?"

Ya gwada da baki, harshe ya ƙi. Ya gwada da hagu, bugu kaɗan hannun ya zame. Kullum ina zuwa bayan na rufe shago, amma a wata biyun da ya ƙara a duniya, farkon ta huɗun kawai na samu.

Bayan rasuwarsa na nemi tsofaffin abokan kiɗansa. Biyu suka rage. Ɗaya kunnensa ya tafi. Ɗayan ya saurari abin da na iya har ƙarshe, sannan ya ce wannan kawuna kaɗai aka koya wa, su amshi kawai suke yi.