Farantin Notuna

Duk Asabar da la'asar, Baba kan rufe shagonsa na gyaran rediyo mu hallara a falo don kallon shirin nan na kumbon da ya ɓata a sararin samaniya. Kallo dai sunansa, amma wallahi zaman kotu ne.

Yaya ba ta taɓa yafe wa masu shirin sauya jarumar da ke tuƙa kumbon ba. "Wannan ko keke ba ta yi kama da mai iya tuƙawa ba," in ji ta. Kawu kuwa komai siyasa ne a wurinsa. Da mutanen wata duniyar suka ƙi biyan haraji, sai ya buga cinya ya ce, "Da gwamnati suke! Ai ni ba yaro ba ne."

Baba shi marubutan yake yi wa tatas. "Waɗannan ba su taɓa riƙe sukundireba ba."

Ni kuma ina gefe ina jin su, alhali ina cikin marubutan. Shekara biyu ke nan da na bar karatun lantarki, wanda Baba ya ci burin in gama in gaji shagonsa. Na ce masa aikin ofis na samu. Sunana yana fitowa a ƙarshen shiri, amma shi da an gama yake kashe talabijin. Tsoro nake ji ya sani ya ce na yar da sana'a na kama shirme.

Kashi na wannan makon ni kaɗai na rubuta shi. Na sa tsohon injiniyan kumbon yana kwance wani inji, yana jera notuna a faranti bi da bi, yadda ya ciro su. Haka Baba yake yi tun ina rarrafe.

Yaya ce ta fara tuntsirewa da dariya, tana duba wayarta. "Kai! Jama'a sun yi musu ca. A sama fa ake, inda komai ke shawagi. Ya za a yi noti ya zauna a faranti?"

Wata uku ina kan rubutun nan, mutum shida suka duba, ba wanda ya lura. Ni da na yi karatun kimiyya! Kunya kamar in nutse.

"Da gangan ne," in ji Kawu. "Talakawa ake nufi, an danne su."

Na jira Baba ya yanke hukunci. Shi kuwa idonsa na kan allon. Bai kuma kashe talabijin ba, har sunaye suka gama wucewa.

Washegari na kai masa shayi shago. Yana sunkuye kan wata tsohuwar sifika, farantinsa na ƙarfe cike da notuna a gefe. Ya ɓamɓaro baƙin maganaɗisun da ke bayanta, ya goge da gefen riga, ya manna a ƙarƙashin farantin. Sannan ya kifar da shi. Ko noti ɗaya bai faɗo ba.

Ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ki kai wa tsohon injiniyan nan naki," ya ce. "Aikinsa da tsabta, kayan aiki ne bai da su. Rubutu na gaba kuma, ki nuna mini kafin ki ba su."