Sittin da Bakwai ko Saba'in

Chundung ta shekara ashirin da shida tana aikin jinya a wani asibiti kusa da Hyattsville. Yanzu shekarunta sittin da shida, gwiwoyinta sun fara ƙin matakala. Mijinta Davou tsohon malamin sakandare ne a Bukuru. Sai da ya bar koyarwa ya biyo ta Amurka, ya tuƙa motar 'yan makaranta shekara bakwai, sannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi. A nan kuwa sai mutum ya yi aikin shekara goma kafin ya samu fanshon gwamnati na kansa.

Wata Talata suka je ofishin fansho. Ma'aikaciyar ta yi musu bayani a tsanake. Idan Chundung ta fara karɓa a sittin da bakwai, za ta samu cikakken kasonta, shi ma Davou a fara ba shi rabin hakan a matsayin miji. Idan ta jira saba'in, nata zai ƙaru sosai, kuma in ta riga shi rasuwa, wannan babban kason zai gada. Amma muddin ba ta nema ba, shi ba zai ga komai ba.

A mota Chundung ta ce, "Zan jira saba'in. Zan iya ƙarasa shekara huɗun."

"Saboda wa?"

"Saboda kai mana, Baban Debbie. In na tafi na bar ka, wa zai riƙe ka?"

Davou ya daɗe yana kallon titi. Tun da ya yi ciwon, maganarsa ta yi nauyi, don haka yakan zaɓi kalmominsa. "Kina shirya mini zaman takaba," in ji shi, "ni kuwa zaman yau nake nema."

Ya ci gaba. "Ranar Lahadi a coci, ke kike sa mini kuɗin baikon da zan bayar a aljihu kamar yaro. Da ƙanwata ta kwanta asibiti a Jos, sai da na jira ki tashi daga aiki na roƙe ki. Ba ki taɓa hana ni ba. Amma na gaji da tambaya."

Chundung ta tsayar da motar a gaban shagon 'yan Ghana inda suke sayen doya, ba ta fita ba. Shekara biyar tana yi masa wanka, tana tsara masa magunguna, ta ɗauka babu abin da ba ta sani ba game da shi. Wannan kam ba ta sani ba.

Sati biyu tana juya maganar. Ta kira Debbie a Baltimore, 'yar ta amsa da Turanci cewa jira ya fi riba, a lissafi. Chundung ta ce ta sani.

Da ta cika sittin da bakwai a watan Maris, ta cike takardun, nata da nasa. Ba ta ajiye aikin gaba ɗaya ba, ta koma kwana biyu a mako, don tsoron gobe bai sake ta ba, kuma ba ta ɓoye masa hakan ba.

Da rani ya yi, sai suka soma fita da safe zuwa bakin rafin Anacostia. Shi da sandarsa, ita da gwiwoyinta, babu mai jiran wani, tafiyarsu ta zo daidai.