Dodon Bakin Gada

Ni dai tun da aka kawo gem ɗin nan gidanmu ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Maigidana tela ne, shanyewar ɓarin jiki ta kama masa hagu. Likita ya ce in babban yatsansa bai fara motsi ba nan kusa, to ya haƙura da ɗinki. Ƙwallon roba aka fara ba shi ya riƙa matsawa, ya yi jifa da ita bayan kujera. Shi ne 'yarmu ta haɗa masa gem a talabijin, ta danƙa masa rimot: yatsan dama sara da takobi, na hagu gudu da kaucewa.

To a cikin gem ɗin akwai wani basamuden dodo a bakin gada, kai kamar turmi, haƙora biyu a waje, kulkinsa ma ya fi ɗan jarumin maigida tsawo. Maigida sai sara yake ta yi, jarumin na tsaye ƙiƙam, dodo ya ɗaga kulki, tim! A koma farko.

Haba, ina zan iya kallon wannan? Sai in lallaɓo in tura masa maɓallin hagu. Da haka muka kashe dodanni har da wani mai ido ɗaya, saura na bakin gadar kawai. Da likita ya ji, ya wanke ni tas, wai ni ce nake kashe masa yatsa. Maigida ya ji kunya, ya rantse ba mai ƙara taɓa masa rimot.

Ni kuwa hannuna ƙaiƙayi yake. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa tukunyar da ban ɗora ba, in dawo. Keken ɗinkinsa na lulluɓe a lungu, ko kallon wajen ba na son yi, tsoro nake ji.

"Ke, zirga-zirgar nan ta ishe ni. Ki zauna ko ki fita," in ji shi.

"Kai dai ji da dodonka, ya mayar da kai tabarma."

Na zauna daf da shi, na rungumi kwandon wanki don kar shaiɗan ya ja ni. Dodo ya taho, gada na girgiza. Maigida ya cije leɓe, gumi har wuya. Kulki ya tashi sama, na runtse ido ɗaya.

Jarumin ya goce gefe. Ɗan taku ne kawai, amma kulki ya daki ƙasa.

Maigida ya daka mini tsawa, idonsa na kan talabijin. "Ba na ce kar ki ƙara taɓa mini ba? Wai ke ba kya jin magana ne?"

"Baban yara," na ce, "juyo ka ga hannuwana."

Ya juyo. Duka biyun suna riƙe da kwando.