Ɓarin Daman Baba Sallau

Zazzaɓin da Dayyabu ya tashi da shi tun safe bai kama shi sosai ba sai bayan azahar, a ofishin shugabar gidan tsofaffin, lokacin da sa hannu kawai ya rage wa rahotonsa. Ma'aikatarsu ce ta aiko shi bincike, saboda wata mata mai suna Dije ta kai ƙorafin cewa ana barin kakanta, Baba Sallau, kwance wuri ɗaya har jikinsa ya soma wari. Dayyabu ya yi duk abin da aka koya masa. Ya duba takardar juyi da ke rataye a jikin gadon, wadda ake sa wa alama duk lokacin da aka juya tsohon, ya ga an cike ta, kowane awa biyu da alamarsa. Ya durƙusa ya gaida tsohon a ɗakin da aka turare da turaren wuta, ya tambaye shi jiki, tsohon ya ce da sauƙi. Mayafin ne kaɗai bai ɗaga ba, domin ya ji nauyin yaye rufin sa'an kakansa. Yana sa hannu an rufe maganar ke nan. Fanka tana ta ƙugi, biro ya yi masa nauyi, kansa ya sunkuya.

Sai ya ga kansa a wani fili marar iyaka, rana ta tsaya cak a tsaka, babu abin da ke da inuwa. Gadaje ne jere har inda ido ya ƙare, kowanne da mutum a lulluɓe, kowa yana cewa da sauƙi, da sauƙi, da murya ɗaya kamar kwaɗi a fadama.

A tsakiyar filin wata tsohuwa tana suyar waina. Tandarta ta kai faɗin masussuka, kuma abin da ke cikin kowane gurbi mutum ne ɗan ƙarami a dunƙule. Tana juya su da cokali ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa sai gurbi guda, inda wani siririn hayaƙi ke tashi. Dayyabu ya gaishe ta, ya tambayi dalilin ƙyale wancan. Ba ta ɗago ba.

"Shi ya ce a bar shi, ɗan nan. Wuta kuwa ba ta jin magana."

Ta nuna masa hanya da cokalin. Yana tafe sai takardar juyin ta faɗo gabansa, alamomin da ke kanta suka ɓalle suka zama tururuwa, suka hau ƙafarsa. Suka raɗa masa cewa su 'yan uwa ne ciki ɗaya, da safen nan aka haife su gaba ɗaya, da biro ɗaya, da aka ji zai zo.

Hayaƙin ya kai shi gadon Baba Sallau. Katifar ce ta fara magana, muryarta a shaƙe. Ta ce kwana arba'in tana ɗauke da ɓarin daman tsohon, ƙashin ƙugunsa ya haƙa rijiya a cikinta, ita ma ta haƙa tata a cikinsa. Dayyabu ya leƙa. Rijiyar tana da zurfi, bakinta ja, ƙasanta baƙi, kuma can a kan ruwan sa hannunsa ne ke yawo.

Tsohon yana kwance a kan damansa, fuskarsa gabas. Ya ce yaran da ke aiki a gidan masu ladabi ne, sau biyu kawai ya roƙe su suka daina taɓa shi.

"Baƙo nake jira, yaro. In ya zo ya tarar na ba alƙibla baya, me zan ce masa?"

Dayyabu ya buɗe baki, amma duk karatunsa na difloma ya zube ƙasa kamar tsaba. Sai ga mai wainar a bayansa. Ta zura cokalinta ƙarƙashin gadon, ta murza shi, kai ya koma inda ƙafa take, tsohon ya mirgina kan hagunsa, fuskarsa tana nan gabas.

"Gabas ba ta tashi daga inda take," in ji ta. "Gadon ne mai ƙafafu."

Ta danƙa masa cokalin. Zafinsa ya ƙona masa tafi, hayaƙin ya shige masa hanci, ya gane warin: shi ne ya ji da safe a ƙarƙashin turaren, ya kawar da kai.

Ya farka firgigit. Shugabar gidan tana tsaye a kansa tana tambaya ko ya gama, direba yana jira. Biron yana damƙe a hannunsa har ya yi masa shaida, gurbin sa hannun kuwa babu komai. Ya ce ta ɗan yi haƙuri.

Ya koma ɗakin, ya durƙusa.

"Baba, ka gafarce ni. Zan ɗaga mayafin."

Tsohon ya amsa, fuskarsa na gabas.

"Ɗaga. Amma kada ka juya mini fuska."

Dayyabu ya dubi ƙafafun gadon, ya ce ba zai juya ba. Sannan ya yi bisimilla, ya kama bakin mayafin.