Kwaɓin Kuka a Kan Tukunyar Lantarki

Tun ranar da mijina Sabiru ya dawo daga kasuwar Kongolam da tukunyar nan ta lantarki, mai kulle murfinta ta dafa wake cikin minti ashirin, surukata Inna Kulu ta sa mata ido. Wai ita ba ta yarda da tukunyar da ba a leƙa cikinta ba. Ko ɗanɗana abincin ba ta yi. Ni kuwa na san ba tukunyar kaɗai take nufi ba, har da mai ita.

Ranar Laraba na zuba wake, na kunna, na shiga maƙwabta karɓo ɗinki. Ina dawowa na ji tukunya tana ƙara, ta kashe kanta. Na duba 'yar kafar da tururi ke fita, sai na gan ta liƙe dam da kwaɓin kuka. Abu na farko da aka gargaɗi Sabiru shi ne kada a toshe kafar nan, don tukunya na iya fashewa. Wa kuma zai zo buɗewa in ba ni ba?

Na zare wayar daga bango. Kafin in kai ƙofar ɗakin Inna har na gama shirya kayana a zuci, gidanmu zan koma.

"Inna, wa ya taɓa mini tukunya?"

"Ni ce, Fadila," in ji ta, ko a jikinta. "Na ga tururi na tsere miki. Da hannuna na liƙe, yadda muke wa madambaci in za mu turara dambu. Na ce kada yaron nan ya dawo ya tarar da ɗanyen wake, ya ga laifinki."

Ban yarda ba. Na koma kicin ina huci, ina neman abin da zai ƙaryata ta.

Sai na ga kujerarta 'yar tsugunno, dab da tukunyar, ko taku ɗaya babu. A ƙasa ga ƙwaryar kukar, ga takalmin 'yata Khairunnisa ƙafa ɗaya.

"Nan muka zauna ni da ita muna yi miki gadi," in ji Inna daga bayana. "Kin ga ko kaɗan tururin bai sake fita ba."

Na zauna a kujerar, na rungume takalmin, na fashe da kuka.