Ya Tashi, Yana Hanya

"Ba yau ba, Berthe. Ki roƙa mini, kada ya zama yau."

Berthe ta matse tsumma a cikin ƙwarya ta ɗora a goshin mijinta Laurent. Zafin Garwa na bazara ya cika ɗakin tun hantsi. Asabar ce, tsakanin Juma'ar da aka gicciye Almasihu da Lahadin Paska, Mon Père, limamin cocinsu, kuwa ya tafi ƙauyukan Guider, sai gobe zai dawo.

"Yau da gobe duk na Allah ne, Baban Maurice."

"Kin manta al'adarmu ta kan dutse? Baƙo ba ya shiga gida in maigida ba ya nan. Jiya suka sa Almasihu a kabari. Ko ƙararrawar coci an ɗaure ta. In na tafi yau, wa zai tarbe ni?"

Tun daren jiya take maimaita masa abin da aka koya musu kafin baftisma, cewa sau ɗaya Almasihu ya mutu domin zunubansu, kabari kuma bai iya riƙe shi ba. Duk sa'ad da ta faɗa, sai Laurent ya juya fuskarsa bango. Ba mutuwarsa ce ta fi damunta ba, domin ta riga ta ga alamarta. Abin da ke cin ranta shi ne ya tafi da wannan tsoro.

Sallama ta katse ta. Karimatu ce, matar Wada mahauci, wadda katanga ɗaya ta raba su. Wada ne ya aika wa ɗansu Maurice saƙo a Ngawundere, inda yake aiki a tashar jirgin ƙasa, yanzu kuma an yi waya cewa ya hau mota.

"Har yanzu tsohon nan gardama yake miki? Baba Laurent, ga kunu. Ka sha, ko in haɗa ka da Wada."

Bai yi dariya ba. Ta ajiye kwanon, ta zauna a gefen tabarma.

Bayan azahar numfashinsa ya sauya. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Baba, tun da sassafe," in ji Karimatu, wadda hankalinta ke kan ɗan. "Yana hanya."

"Yana hanya..." Laurent ya nemi fuskar matarsa. "Berthe, gaskiya ne?"

Berthe ta dubi Karimatu. Ta san wanda Karimatu ke nufi, ta kuma san wanda shi yake tambaya. Ba ta taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, ba ta kuma so ta fara a bakin kabarinsa. Ta juya maganar a zuciyarta, tana neman inda ƙaryar take. Ba ta same ta ba.

"Hakika ya tashi," ta ce.

"To, ɗaga labulen."

Ta ɗaga. Haske ya kwanta a kan ƙafafunsa. Ya zuba wa ƙofar ido, yatsunsa suka saki bakin zanenta a hankali.

Karimatu ta jawo mafici. "Kin ga, ya sami barci. Dama zumuɗin yaron nan ne ya hana shi sakat."

Berthe ta ga numfashinsa ya tsaya. Ta bar ta tana ta yi masa fifita.