Yarinyar Cikin Kaset

A cikin kayan marigayi surukina muka sami kaset ɗin. Mai gyaran talabijin ne, kuma bayan rasuwarsa shagon ya shekara biyu a rufe kafin mijina ya kwaso kwalaye huɗu ya jibge mini a falo. Tsoffin wayoyi ne da rimot da ƙura, sai wani injin bidiyo mai nauyi kamar bulo. Kaset ɗin shi kaɗai ne aka naɗe a farin ƙyalle, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa.

Ranar hutu da hantsi mijina ya haɗa injin da talabijin. Ina kicin na ji ya kece da dariya.

“Zo ki ga katun ɗin zamaninmu,” ya ce. “Rabona da wannan tun ina firamare. Kullum da yamma ake sa mana shi.”

Na fito da wuƙa a hannu. Wani kuku ne mai ƙaton ciki, ludayinsa ya faɗa teku daga jirgi, shi ma ya bi shi. Ya sauka a ƙasan ruwa ya karkaɗe rigarsa kamar ya sauko daga mota. Ƙaguwa ta sace masa hula, ya bi ta da gudu, ta dantse masa hanci. Ya yi atishawa, kumfa ta ɗaga shi sama ta sake shi a kan wani kifi mai ƙaya. Har murhu ya kunna a can ƙasa, kifin da zai soya ya ƙwace kaskon ya maka masa a ka. Minti bakwai duka-duka, babu magana, sai kiɗa.

Ƙanwata mai ɗinki tana gidan ranar. Ta ce, “Yaya, wannan ai ya fi na yanzu. Na yanzu ihu kawai suke yi. Wannan kuwa dubi yadda cikin kukun yake rawa, da hannu aka zana shi.”

“Kuma babu batsa,” in ji mijina. “Ai shi ne ya dace da yara.”

Ni kuma na ce, “Mutum ya yi minti bakwai a ƙarƙashin ruwa yana numfashi. Shi ne ya dace da yara?”

“Ke dai ko a katun sai kin nemo abin tsoro. Kifi ma yana riƙe kasko, wannan bai dame ki ba?”

Na yi dariya, don gaskiya wurin kaskon ya ba ni dariya. Amma da na juya, sai na ga ’yata ba ta yi ba. Shekararta huɗu, muna kiranta Tsigi saboda ƙanƙantarta, kuma yarinya ce da ko tari ka yi sai ta ƙyalƙyale. Tana zaune daf da talabijin, bakinta a rufe gam, kumatunta a kumbure. Numfashi take riƙewa.

“Tsigi, saki,” na ce.

Ta saki. Ta ce, “A sake sawa.”

Kwana uku ana sa mata. A bayan kicin ɗinmu akwai duron roba shuɗi da nake tara ruwa saboda famfo ba kullum yake zuwa ba. Ya fi ta tsawo, shi ya sa ban taɓa damuwa da shi ba. Rana ta huɗu da azahar ina shanya, na ji ƙarar jan kujera a siminti. Da na leƙo, ta jawo ’yar kujerar da nake zama in yi wanke-wanke, ta hau, ta ture murfin, gashin goshinta har ya jiƙe.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na sauke ta, na durƙusa, na riƙe kafaɗunta.

“Me kike nema a ciki?”

“Yarinyar.”

“Wace yarinya?”

“Ta katun. Mai jar riga. Ita tana nan wajen duro.”

“Babu yarinya a katun ɗin nan. Kuku ne da ƙaguwa.”

Ta dube ni kamar ni ce ƙaramar. “Akwai, Mama. Tana yi mini haka.” Ta ɗaga hannu ta yafito ni.

Tsikar jikina ta tashi, rana tsaka, ga hayaniyar titi ina ji ta katanga. Na ɗora dutsen niƙa a kan murfin duron, na kulle kujerar a ɗaki. Da ta yi barcin rana na kunna injin ni kaɗai, na rage murya.

Sau biyu na kalla ban ga komai ba. A na uku na riƙe rimot. Daidai inda kumfa ta ɗaga kukun sama, hoton yana ɗan tsalle, layi-layi su ratsa allon, abin da duk muka ɗauka tsufan kaset ne. Na danna tsayawa.

Ba zane ba ne. Yarinya ce ta gaske, sa’ar Tsigi, da jar riga mai ɗigo-ɗigo, a tsakar wani gida. A bayanta akwai duron ƙarfe. Tana kallon mai ɗaukar hoton, hannunta a sama. Na saki, ta yafito sau ɗaya, kukun ya dawo ya faɗa kan kifi mai ƙaya. Goshinta irin na mijina ne sak.

Na kira shi a wurin aiki. Ya ce wataƙila talla ce ta shiga. Na ce talla ba ta da goshinka. Ya ce in bari ya dawo. Ban bari ba. Na kira surukata, Inna.

Inna ta zo da la’asar. Tana shigowa ta ga injin a ƙasan talabijin da farin ƙyallen a gefe, sai ta tsaya a bakin ƙofa da takalminta a ƙafa.

“Wa ya kunna wannan?”

“Ɗanki ne, Inna. Kwana huɗu ke nan. Yau na sauke Tsigi daga kan duro, tana neman wata yarinya da ta gani a kaset ɗin.”

Ta zauna a hannun kujera. Ta daɗe tana gyara bakin mayafinta kafin ta yi magana.

“Yayarsa ce. Shi an ce masa zazzaɓi ne ya kashe ta, ai ba a haife shi ba tukuna.” Ta dubi injin. “Babansu ya ari na’urar ɗaukar hoto wajen wani da ya kawo gyara, ya ɗauke ta tana wasa. Shi ke nan hotonta mai motsi. To tana mutuwar son kukun nan. Ranar da aka sa shi a talabijin, babansu ya yi sauri ya tura kaset don ya naɗar mata, bai duba wanne ya ɗauka ba. Ya shafe ta. Wurin da kika gani, wuta ce ta ɗan ɗauke, injin ya tsallake.”

“Sai kuma me ya faru?”

“Sati ɗaya tana kallo. Ina wanki a waje, ban ji komai ba. Ruwa ba ya yin ƙara, ’yata. Takalmanta na gani a jere kusa da duron, ta ajiye su da kyau, kamar yadda na koya mata.”

Na yi niyyar fasa kaset ɗin da taɓarya. Tun azahar na ajiye ta a bayan ƙofa. Amma da na ga yadda Inna ta ɗauki ƙyallen tana shafa shi a cinyarta, sai na zare kaset ɗin daga injin na miƙa mata.

“Ki tafi da shi, Inna. Kada ya sake shigowa gidan nan.”

“Ba zai shigo ba.” Ta naɗe shi. A bakin ƙofa ta juyo. “Tana murmushi a wurin? Ni ban taɓa iya kallo ba.”

“Tana yi,” na ce.

Tana fita na ɗauko roba na cika da ruwa, na kira Tsigi. Na ce ta kalle ni da kyau. Na tsoma fuskata ciki, na shaƙa da gangan. Ruwan ya hau mini kai kamar barkono, na ɗago ina tari, hawaye da majina, na kasa magana. Ta tsorata ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi.

“Kin gani? Kukun zane ne, ba shi da hanci na gaske. Mutum ba ya numfashi a ruwa. Ko ni, ko Baba, ko kowa.”

“Ko yarinyar?”

“Ko ita.”

Na kwashe ruwan duron a jarkoki masu ƙaramin baki, na zubar da sauran a kwata. Mijina ya dawo ya same ni a jiƙe. Na gaya masa komai a tsaye. Ya cire wayoyin injin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da shi kwali, ya zauna yana kallon baƙin allon talabijin.

Washegari da safe ina haɗa shayi na ji muryar Tsigi a bayan kicin, ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi wa ’yar tsanarta. Duron yana kwance a gefensa inda na bar shi ya bushe. Ta tsuguna a bakinsa tana magana a ciki, muryar tana dawo mata. Takalmanta na jere a gefe, a daidaice. Tsigi da kullum sai na nemo mata ɗaya a ƙarƙashin gado.

“Da wa kike magana?”

“Ta ce an kwashe ruwan. Wai yanzu ina za ta zauna?”

Na leƙa. Babu komai ciki sai ɗan danshi da warin roba. Na ɗauki ’yata na saɓa a kafaɗa, na sa mata takalmanta da hannuna. Sannan na mirgina duron da ƙafa har bakin titi, na tsaya a wurin da ita a jikina har motar shara ta zo ta ɗauke shi.